Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Jama'ar Duniya Suke Ta Ƙaruwa?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan, da yawansu a kan batu ɗaya suke, wato yawan bil'adama a doron ƙasa: yadda aka yi ya kai inda yake a yau, abin da ke tura shi gaba ko ya ja shi baya, da kuma inda ya dosa. Na zaɓo bakwai daga ciki, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba. Mafi yawan alƙaluman da zan kawo na sashen nazarin yawan jama'a ne na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare. Malaminmu na labarin ƙasa ya ce mutanen duniya sun haura biliyan 8, alhali shekara ɗari biyu da suka wuce kimanin biliyan 1 ne kacal. Shin mutanen yanzu sun fi magabata haihuwa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da malaminku ya faɗa gaskiya ne. An ƙiyasta cewa bil'adama sun cika biliyan 1 a wajajen 1804, bayan dubban shekaru suna ƙaruwa sannu a hankali, ta yadda mutum zai yi rayuwarsa ya gama bai lura da wani bambanci ba. Sai da aka ƙara shekara 123 kafin a cika biliyan 2 a 1927. Daga nan tafiyar ta sauya: biliyan 3 a 1960, biliyan 4 a 1974, biliyan 5 a 1987, biliyan 6 a 1999, biliyan 7 a 2011, sannan aka ayyana 15 ga Nuwamba, 2022 a matsayin ranar da aka cika biliyan 8. Dattijon da aka haifa a 1950, lokacin da duniya take da mutum kimanin biliyan 2.5, ya ga yawan jama'a ya ninka fiye da sau uku a kan idonsa.

Amma amsar tambayarka ita ce a'a, mutanen yanzu ko ƙafar magabata ba su kama ba wajen haihuwa. A wajajen 1950, idan aka ɗauki matsakaici, mace ɗaya a duniya tana haihuwar 'ya'ya kusan biyar a tsawon rayuwarta, a yau kuwa adadin ya sauko zuwa kimanin 2.3. Abin da ya canza shi ne mutuwa, musamman ta ƙananan yara. Ka ƙaddara yawan jama'a ruwan tafki ne wanda wani rafi yake zuba masa, wani kuma yake kwashe shi. Haihuwa ce mai zubawa, mutuwa ce mai kwashewa. Tsawon dubban shekaru rafukan biyu suna gudu da ƙarfi kusan daidai wa daida, shi ya sa ruwan bai yi wata ƙaruwar a zo a gani ba. Masu nazarin tarihi sun gano cewa a al'ummomin da suka shuɗe kusan rabin yaran da aka haifa ba sa kaiwa shekara 15. Mace takan haifi shida ko bakwai, ta rasa uku ko huɗu tun suna ƙanana, waɗanda suka rage ne suke girma su maye gurbin iyayensu.

Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa yau an rage ƙarfin rafin da ke kwashewa. A 1796 wani likita ɗan Ingila, Edward Jenner, ya samar da rigakafin agana, cutar da ta daɗe tana hallaka miliyoyin mutane tana makantar da wasu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a 1980 cewa an kawar da ita kwata-kwata. A ƙarni na 19 aka gane cewa ƙwayoyin da ido ba ya gani ne ke haddasa cututtuka irin su kwalara da tarin fuka, birane suka fara tace ruwan sha suna raba shi da najasa. An gano penisilin a 1928, ya kuma yaɗu a hannun likitoci a shekarun 1940. Bayansa rigakafin shan inna da na ƙyanda suka zo, sannan ruwan gishiri da sukari, wanda duk da sauƙin haɗa shi ya ceci miliyoyin yara daga mutuwar gudawa. Jiragen ƙasa da na ruwa su ma sun taimaka, domin da su ake kai hatsi yankin da fari ya faɗa wa kafin yunwa ta gama da mutanensa.

Ko a 1990, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a duniya kimanin 93 ne ke mutuwa kafin su cika shekara biyar. Zuwa 2022 adadin ya koma 37. Tsawon ran da ake sa ran jariri zai yi ya tashi daga shekara kimanin 46 a 1950 zuwa kimanin 73 a yanzu. A nan ɗalibai sukan ruɗe, su zaci mutanen 1950 suna cikawa da sun kai shekara 46. Tsofaffi suna nan a wancan zamani kamar yadda suke a yau, yawan jariran da ke mutuwa ne yake jan matsakaicin ƙasa.

Na tsawaita a nan ne domin ina jin ciwon yadda wasu suke ambaton ƙaruwar jama'a tamkar wata annoba. Mafi yawan waɗannan biliyoyin yara ne da a wani zamani da iyayensu sun rasa su tun suna goye. Abin da ya haifar da saurin ƙaruwar shi ne tazarar da ke tsakanin raguwar mutuwa da raguwar haihuwa, domin mutuwa ce ke fara sauka, haihuwa kuma takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta biyo baya. A Turai mutuwa ta sauka a hankali cikin fiye da ƙarni guda. A Asiya da Afirka da Kudancin Amurka kuwa magunguna da alluran sun iso ne a shirye bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutuwa ta faɗi cikin 'yan shekaru, haihuwa tana nan a sama. Shi ya sa a shekarun 1960 jama'ar duniya suke ƙaruwa da kimanin kashi 2 cikin 100 a shekara, saurin da ba a taɓa gani ba, ba a kuma sake gani ba. Yanzu ya sauko ƙasa da kashi 1.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa. Muna yawan gardama da abokan aikina: wasu na cewa magungunan tazarar haihuwa ne ke rage yawan 'ya'ya a ƙasa, wasu na cewa ilimin mata ne. Wane ne ya fi gaskiya?

Amsa: Malama, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Kowane ɓangare ya kama gaskiya ta wani gefe, sai dai akwai wanda ke gaba akwai mai biye. Magani kayan aiki ne, kuma ma'aurata ba sa ɗaukar kayan aiki sai sun riga sun yanke a ransu cewa ga adadin da suke so. Hujja a kan haka ita ce Faransa, inda haihuwa ta fara raguwa tun ƙarshen ƙarni na 18, fiye da shekara 150 kafin a fito da ƙwayar hana ɗaukar ciki a 1960. Tambayar farko ke nan ita ce, me ke sa ma'aurata su so iyali ƙarami?

Babban dalili ke kika fi ni saninsa, wato rayuwar yaran. Iyayen da suka saba ganin jarirai suna mutuwa sukan haifi da yawa domin wasu su tsira, kuma ba sa sauya wannan lissafi sai sun ga da idonsu cewa 'ya'yansu da na maƙwabta suna rayuwa. Bayan wannan sai sauyin matsayin yaro a gida. A inda noma da hannu ne abin dogaro, yaro ɗan shekara goma yana taimakawa a gona ko kiwo, ƙarin yaro ƙarin hannu ne. A birni kuwa, inda ake biyan haya kuma yaro zai shafe shekara goma sha biyu ko fiye a makaranta kafin ya kawo komai gida, ɗawainiyarsa ce ke kan gaba. Tun wajajen 2007 fiye da rabin mutanen duniya a birane suke zaune. Akwai kuma batun tsufa, domin inda babu fansho babu ajiya, 'ya'ya ne kaɗai madogarar mutum idan ƙarfinsa ya ƙare.

Ilimin 'ya'ya mata yana taɓa kusan duk waɗannan a lokaci guda, shi ya sa nake ganin abokan aikinki masu wannan ra'ayi sun fi kusa da tushen lamarin. Yarinyar da ta kammala sakandare takan yi aure a makare fiye da wadda ba ta shiga aji ba, shekarun haihuwarta su ragu. Ta fi kai ɗanta rigakafi, ta fi gane alamun hatsari da wuri, don haka 'ya'yanta sun fi rayuwa. Tana kuma da bakin magana a gidanta idan ana shawarar iyali. Wannan alaƙa ta bayyana a binciken da aka yi a ƙasashe masu yawa, na kowace nahiya.

Duk da haka kada a raina ɗaya ɓangaren, domin so kaɗai ba ya isa idan babu hanya. Abubuwa uku ne suka fi tasiri kai tsaye a kan yawan haihuwar mace: shekarun da ta yi aure, tsawon lokacin da take shayarwa, wanda kan jinkirta ɗaukar sabon ciki, da kuma amfani da hanyoyin tazara. A farkon shekarun 1970 macen Bangladesh tana haihuwar kusan bakwai, a yau kuwa kimanin biyu, kuma ƙasar ta yi wannan sauyi ne tana cikin talauci, ta hanyar tura mata ma'aikatan lafiya gida-gida da sanya 'yan mata a makaranta. Iran ta fi ta sauri, domin daga sama da shida a tsakiyar shekarun 1980 ta sauko zuwa kimanin biyu a wajajen 2000, bayan ta baza ƙananan gidajen lafiya a karkara, ta kuma farfaɗo da shirin tsarin iyali a 1989 da amincewar malaman addini.

Waɗannan misalai suna gyara wata fahimta da ta yaɗu, cewa addinin al'umma ne ke yanke yawan haihuwarta. Italiya da Sifaniya ƙasashen Katolika ne, amma a matsakaici macensu ba ta wuce haihuwar 1.2 ko kusa da haka, yayin da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wadda ita ma Kiristoci suka fi yawa a cikinta, take wajajen shida. Turkiyya da Iran suna ƙasa da biyu, Nijar da Somaliya kuma suna wajajen shida, dukkansu kuwa ƙasashen Musulmi ne. Abin da ya bambanta su shi ne lafiyar yara da karatun mata da yanayin sana'a. Ku da kuke ɗakin haihuwa kuna da wata hujja da ta fi duk wannan lissafi kusa da uwa, wato lafiyarta: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki, domin kwanika tana raunana uwa, tana kuma cutar da na goye da na ciki.

Tambaya: Idan har haihuwa ta ragu da fiye da rabi tun 1950, me ya sa yawan jama'a bai tsaya ba? Yaushe zai tsaya?

Amsa: Babbar mota mai kaya ko an taka mata burki sai ta ɗan yi tafiya kafin ta tsaya, saboda nauyin da ta ɗauko. Nauyin a nan shi ne ɗimbin matasan da aka riga aka haifa lokacin da haihuwa take sama. Ko da kowace budurwa ta yau za ta haifi biyu kacal, 'yan matan suna da yawa ƙwarai, tsofaffin da ke barin duniya kuma 'yan zamanin da jama'a ba su da yawa ne. A yanzu ana haihuwar jarirai kimanin miliyan 130 a shekara, mutum kimanin miliyan 60 suna mutuwa, ke nan ana samun ƙarin kusan miliyan 70 kowace shekara.

Masana suna amfani da adadin 2.1 a matsayin ma'auni, wato yawan 'ya'yan da mace ɗaya za ta haifa domin su maye gurbinta da na mijinta. Ɗan abin da ya hau kan biyu saboda ana haihuwar maza fiye da mata da kaɗan, kuma wasu 'yan matan ba sa kaiwa shekarun haihuwa. Ƙasar Sin ta sauka ƙasa da wannan ma'auni tun farkon shekarun 1990, amma jama'arta suka ci gaba da ƙaruwa har kusan shekara talatin, sai a 2022 suka fara raguwa. A shekarar da ta biyo baya Indiya ta wuce ta, ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a.

Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna jama'ar duniya za su kai ƙololuwa a wajajen biliyan 10.3 a tsakiyar shekarun 2080, sannan su fara raguwa kaɗan. Ƙaruwar da ta rage ba za ta bazu daidai ba. Rahoton 2022 ya ce fiye da rabin ƙarin da za a samu zuwa 2050 daga ƙasashe takwas zai fito: Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Masar, Habasha, Indiya, Najeriya, Pakistan, Filifin da Tanzaniya. Dalili kuwa a fili yake idan aka dubi shekaru, domin rabin mutanen Afirka ba su wuce shekara 19 ba, alhali rabin mutanen Turai sun haura 40. Hasashen shekara ashirin ko talatin yana da ƙarfi, tunda iyayen wancan lokaci an riga an haife su. Na ƙarshen ƙarni kuwa ya rataya ne a kan shawarar da mutanen da ba a haifa ba tukuna za su yanke, kuma bambancin rabin ɗa ga kowace mace yana iya ƙara ko rage biliyoyi.

Tambaya: Malam, ni manomi ne, na kuma manyanta. Mun taso muna jin cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, amma yanzu ina jin masana suna cewa ƙasa ba za ta iya ciyar da wannan jama'a ba. Ina gaskiyar take?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan fargaba ta girmi ni da kai. A 1798 wani malamin coci ɗan Ingila, Thomas Malthus, ya rubuta cewa jama'a suna ƙaruwa ne ta hanyar ninkawa, abinci kuwa da kaɗan-kaɗan, don haka dole yunwa da cuta su riƙa dawo da su baya. A lokacinsa duniya ba ta cika mutum biliyan 1 ba. Yau ta ninka haka sau takwas, kuma abincin da ke kaiwa ga kowane mutum, idan aka raba daidai, ya fi na zamaninsa.

Abin da bai hango ba shi ne abin da ilimi zai yi wa gona. A 1909 wani masanin sinadarai Bajamushe, Fritz Haber, ya gano yadda za a kamo sinadarin da tsiro ke buƙata daga iska, Carl Bosch kuma ya mayar da binciken masana'anta a 1913. Wannan ne asalin takin zamani, kuma ana ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da amfanin gonar da aka noma da shi suke rayuwa. A shekarun 1960 ingantaccen irin alkama mai gajeren kara, wanda Norman Borlaug da abokan aikinsa suka samar a Meziko, ya isa Indiya da Pakistan a lokacin da ake tsoron yunwa za ta ci su, girbinsu ya yi tashin da ba a zata ba, shi kuma aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Daga 1961 zuwa yau hatsin da duniya ke nomawa ya ninka fiye da sau uku, ya wuce saurin ƙaruwar jama'a. Kai manomi ne, ka san maganar magabata ba ta taɓa hana kowa ɗaukar fartanya ba, kuma waɗannan mutane aikin fartanya suka yi ta wata hanyar.

Duk da haka mutum kimanin miliyan 700 suna fama da yunwa a 'yan shekarun nan, kuma wannan abin kunya ne ga duniyar da take asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ta noma, wani a gona da rumbu, wani a kwandon shara. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya yi nazarin yunwar Bengal ta 1943 ya nuna cewa mutane suna iya mutuwa da yunwa alhali abinci yana kasuwa, idan ba su da abin saye. Mafi munin yunwar zamaninmu a wuraren da ake yaƙi take.

Ba zan ce maka babu iyaka ba. Noma ne ke cinye kimanin kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan'adam ke ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa, kuma a arewa maso yammacin Indiya da arewacin Sin ana ɗibarsa fiye da yadda damina ke mayarwa. Ana sare dazuzzuka domin faɗaɗa gonaki, zafin duniya kuma yana rikita lokacin ruwa. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa nauyin da mutum ke ɗora wa ƙasa ya danganta ne da irin rayuwarsa: hayaƙin da ɗan Amurka ɗaya ke fitarwa a shekara ya ninka na ɗan Nijar ɗaya fiye da sau ɗari. Inda saurin ƙaruwa ya fi cizo shi ne cikin gida. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi: a raba 70 da adadin ƙaruwar shekara, a sami shekarun da jama'a za su ninka. Ƙasar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 za ta ninka cikin kimanin shekara 23, ke nan sai ta ninka azuzuwa da malamai da gadajen asibiti da rijiyoyi a cikin wannan lokaci kafin ma ta tsaya inda take, gonar gado kuma tana ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba ta.

Tambaya: Yaƙe-yaƙe da annoba da ƙaura ba sa rage yawan jama'a ne?

Amsa: Suna ragewa, amma galibi na ɗan lokaci. Annobar da ta afka wa Turai tsakanin 1347 da 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanenta, murar 1918 kuma ta hallaka kimanin miliyan 50, Yaƙin Duniya na Biyu ya ci fiye da haka, amma bayansa ne aka shiga zamanin ƙaruwa mafi sauri. Ƙaura ba ta canza jimillar duniya, sai dai tana sauya fuskar ƙasa ɗaya ƙwarai. Tsibirin Ireland yana da fiye da mutum miliyan 8 a 1841. Yunwar da ta fara a 1845 ta kashe kimanin miliyan ɗaya, wasu da yawa suka yi ta ficewa shekara da shekaru, har yau bai koma wancan adadi ba. A Jamus masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa kowace shekara tun 1972, baƙi masu shigowa ne suke cike giɓin. A Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 na mazauna baƙi ne.

Tambaya: Shin gwamnati tana iya tsara yawan 'ya'yan da mutane za su haifa ta hanyar doka, kamar yadda aka yi a Sin?

Amsa: An gwada, ta hagu da ta dama, kuma ni ban ga inda tilas ya haifar da ɗa mai ido ba. Dokar ɗa ɗaya ta Sin ta yi aiki daga wajajen 1980 zuwa 2015. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mafi yawan raguwar ta riga dokar zuwa, domin daga kusan shida a 1970 haihuwa ta sauko ƙasa da uku kafin ƙarshen shekarun 1970. Dokar ta zo da tara da zubar da ciki na dole, kuma saboda fifita ɗa namiji aka kai lokacin da ake haihuwar maza kusan 118 a kan kowane mata 100, alhali a bisa halitta kimanin 105 ne. Miliyoyin samari sun girma babu matan da za su aura. Gwamnati ta halatta biyu a 2016, uku a 2021, amma haihuwa ta ci gaba da raguwa. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas, abin da ya bar tabo a zukata ya kuma sa jama'a suka daɗe suna zargin ma'aikatan lafiya.

Romaniya ta bi ta ɗaya gefen. A 1966 ta haramta zubar da ciki, ta kuma toshe hanyoyin tazara domin ƙara yawan jama'a. Haihuwa ta kusan ninkawa a shekarar da ta biyo baya, sannan ta sake sauka, mutuwar mata masu juna biyu ta yi muni, gidajen marayu suka cika da yaran da iyayensu suka kasa riƙewa. Irin waɗannan darussa ne suka sa taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994, wanda ƙasashe 179 suka amince da matsayarsa, ya mayar da hankali ga haƙƙin ma'aurata na yanke shawara da kansu, da lafiyar uwa, da ilimin 'ya'ya mata.

A yau matsalar ƙasashe da yawa ita ce ƙarancin haihuwa. A 2023 matsakaicin 'ya'yan da mace ɗaya ke haifa a Koriya ta Kudu ya faɗi zuwa 0.72, duk da maƙudan kuɗin da gwamnati ta kashe wajen ƙarfafa aure da haihuwa. Tsadar gidaje da gasar karatu da dogon lokacin aiki sun rinjayi tallafin. A Japan kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65, ana rufe makarantun ƙauyuka saboda rashin yara, ma'aikata kaɗan ne ke ɗauke da fansho da jinyar tsofaffi masu yawa. Tsakanin waɗannan hali biyu akwai wani lokaci da ke zuwa wa ƙasa sau ɗaya, sa'ad da haihuwa ta ragu, yara suka yi kaɗan, tsofaffi ba su yi yawa ba tukuna, masu ƙarfin aiki suka rinjayi waɗanda ake ciyarwa. Koriya ta Kudu da Singafo da Sin sun ci moriyarsa saboda sun riga sun karantar da matasansu sun kuma samar musu masana'antu. Ƙasar da wannan lokaci ya riske ta da matasa marasa ilimi marasa aikin yi, sai ya wuce ta tana kallo, tsufa kuma ya same ta ba ta tara komai ba.

Tambaya: Wa ya ƙirga mutanen nan har aka san sun kai biliyan 8?

Amsa: Babu wanda ya ƙirga su a rana ɗaya. Ana haɗa sakamakon ƙidayar da kowace ƙasa ta yi, da rajistar haihuwa da mutuwa, da binciken gida-gida da ake yi a kan wasu zaɓaɓɓun iyalai, sannan a cike giɓi da lissafi. Ana son kowace ƙasa ta yi ƙidaya duk shekara goma, kamar yadda Amurka take yi tun 1790, amma da yawa ba sa iyawa saboda kuɗi ko yaƙi ko siyasa, tunda da adadin jama'a ake rabon kujeru da kasafi. Rabon Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da ƙidaya tun 1984, Lebanon kuwa tun 1932, saboda tsoron abin da sakamakon zai yi wa rabon mulki tsakanin mabiya addinanta. Don haka ranar 15 ga Nuwamba, 2022 alama ce kawai, ainihin ranar tana iya kasancewa gabanta ko bayanta da shekara ɗaya ko fiye. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 150 'yan ƙasa da shekara biyar ba a yi rajistar haihuwarsu ba, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya, wato a yankunan da jama'a suka fi ƙaruwa ne alƙaluman suka fi rauni.